Mai Dalilin Auren Ilektiron: Gardamar da Masana Suka Kasa Yankewa Tun 1986

Duk wanda ya taɓa wayar dutsen guga bayan ta jima tana aiki ya san takan yi ɗumi. Wannan ɗumi ƙarfin lantarki ne da ya salwanta a hanya kafin ya isa inda ake bukatarsa. Dalili kuwa shi ne, kowane ƙarfe yana yi wa lantarki turjiya, watau ba ya barinsa ya wuce sai ya karɓi wani abu daga jikinsa, kamar yadda ake karɓar kuɗin hanya. Tun daga tashar da ake samar da wuta har zuwa ƙwan fitilar da ke ɗaki, haka ake ta biyan wannan haraji dare da rana.

Amma akwai waɗansu kayayyaki waɗanda idan aka sanyaya su ƙwarai, turjiyarsu takan ɓace baki ɗaya. Idan aka yi zobe da irinsu aka saki lantarki a ciki, sai ya yi ta kewayawa shekara da shekaru ba tare da batir ba. Su ne za a kira marasa turjiya a wannan bayani. Masana ilmin fiziks sun daɗe da gane yadda abin yake aukuwa a cikin ƙarafa na yau da kullum. Sai dai a shekarar 1986 aka gano wani sabon jinsinsu mai jure zafi fiye da na da, kuma har yanzu ba a haɗu a kan dalilinsa ba. Jigon gardamar shi ne rawar da girgizar ƙwayoyin atam take takawa, kuma amsar ita ce za ta nuna inda ya kamata a nemi wanda zai yi aiki ba tare da an sanyaya shi ba.

Mafarin al'amari

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san ma'aunin da ake amfani da shi. Masana suna auna irin wannan sanyi da ma'aunin Kelbin, wanda sifirinsa yake daidai da digiri 273 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas da aka saba da shi. Babu sanyin da ya wuce wannan. Ruwa yakan daskare a digiri 273 na Kelbin, ɗaki mai matsakaicin zafi kuwa yana wajen digiri 300. Duk digirin da za a ambata nan gaba na Kelbin ne, sai inda aka faɗi akasin haka.

A shekarar 1908 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Heike Kamerlingh Onnes ya yi nasarar mayar da iskar hiliyom ruwa a Jami'ar Leiden. Da wannan ruwa mai tsananin sanyi ya shiga gwada ƙarafa. A cikin watan Afrilu na 1911 ya sanyaya zaiba, sai ya ga da ta kai wajen digiri 4.2 turjiyarta ta faɗi farat ɗaya, har na'urarsa ta kasa ganin ko ɓurɓushinta. Daga baya aka tarar dalma ma tana yin haka a digiri 7.2. A 1933 kuma waɗansu Jamusawa biyu, Meissner da Ochsenfeld, suka gano cewa mara turjiya yakan kori ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Wannan ita ce shaida ta biyu da ake nema har gobe kafin a yarda an sami mara turjiya na gaskiya.

Wani abin ɗaure kai shi ne, jan ƙarfe da azurfa da zinariya, waɗanda suka fi kowane ƙarfe barin lantarki ya wuce a zafin ɗaki, ba su zama marasa turjiya ba kome sanyin da aka kai su. Dalma da zaiba, waɗanda ba wanda zai yi wayar gida da su, su ne suka yi. Shekara kusan arba'in masana suna juya wannan tambaya.

Saƙa da girgizarta

A cikin ƙarfe, ƙwayoyin atam ba a watse suke ba. A jere suke sahu-sahu, tsaye da kwance, kamar zaren da masaƙi ya tsara, saboda haka za a kira wannan tsari saƙa. Kowane atam yana sakin ilektiron ɗaya ko fiye, su kuwa waɗannan ƙwayoyin ilektiron suna yawo a tsakanin sahu, kuma tafiyarsu ita ce wutar lantarki. Ilektiron yana da caji na ragi, atam ɗin da ya sake shi kuma yana da caji na ƙari. Masu caji iri ɗaya suna tunkuɗe juna, masu caji daban suna jan juna.

Saƙar ba a tsaye cik take ba, kullum tana girgiza, kuma zafi yana ƙara mata girgiza. Masana suna kiran ƙwayar wannan girgiza fonon. Ilektiron da ke tafiya yakan yi ta karo da ita yana kaucewa hanya, kuma wannan karo shi ne babban tushen turjiya a zafin ɗaki.

A shekarar 1950 aka sami bakin zaren. Zaiba tana da ƙwayoyin atam iri-iri waɗanda halinsu ɗaya ne amma nauyinsu ya ɗan bambanta, su ne ake kira aisotop. Ƙungiyoyi biyu a Amurka, ɗaya ta Emanuel Maxwell, ɗaya kuma a Jami'ar Rutgers, suka gwada su, suka tarar zaiba mai nauyi sai an ƙara sanyaya ta kaɗan kafin turjiyarta ta ɓace. To, nauyin atam ba ya canza yawan ilektiron ko cajinsa. Abin da yake canzawa shi ne saurin girgizar saƙa, kamar yadda tsirkiya mai kauri takan ba da murya ƙasa-ƙasa, siririya kuwa ta ba da murya sama. Ashe ke nan saƙa tana da hannu. A wannan shekarar ce kuma Herbert Fröhlich ya nuna da lissafi cewa girgizar saƙa tana iya sa ilektiron biyu su ja juna.

Ga yadda abin yake. Ilektiron yana gudun fiye da kilomita 1,000 a sakan ɗaya, atam kuwa ya fi shi nauyi sau dubbai, saboda haka motsinsa a hankali yake. Idan ilektiron ya ratsa tsakanin sahu biyu, ƙwayoyin atam da ke gefensa sukan karkato wajensa, amma kafin su gama karkatowa ya riga ya yi nisa. Kamar mahayin doki ne ya keta gonar dawa a guje, karan ya rusuna, bai miƙe ba sai bayan mahayin ya ɓace. A wurin da saƙa ta tsuke ɗin nan caji na ƙari ya taru, shi ne yake jawo ilektiron na biyu. Ta haka abokan gāba biyu suke bin sawun juna ba tare da sun haɗu ido da ido ba, saƙa ce ta zama mai dalilin aure a tsakaninsu.

Leon Cooper ya nuna a 1956 cewa kome ƙanƙantar wannan jan, ya isa ya haɗa ilektiron biyu-biyu. A 1957 shi da John Bardeen da Robert Schrieffer suka kammala bayanin a Jami'ar Illinois, aka sa masa suna BCS daga farkon sunayensu, kuma ya jawo musu kyautar Nobel a 1972. Bayanin ya nuna cewa dukan ma'auratan suna ɗaukar taki guda, suna tafiya kamar jiki ɗaya. Ba a iya karkatar da ɗaya sai an raba aure, ƙaramar girgiza kuwa ba ta da ƙarfin rabawa. Idan zafi ya ƙaru har girgiza ta fi ƙarfin ɗaurin, sai aure ya mutu, turjiya ta dawo. Nan aka warware matsalar jan ƙarfe: ilektiron ɗinsa ba ya cuɗanya da saƙa sosai, shi ya sa yake wucewa da sauƙi a zafin ɗaki, shi ya sa kuma ba ya samun mai haɗa shi da ɗan'uwansa a cikin sanyi.

Bayanin BCS ya zo da labari marar daɗi. Don a ɗaga digirin, sai an sami atam marar nauyi mai saurin girgiza, da kuma cuɗanya mai ƙarfi tsakanin ilektiron da saƙa. Amma idan cuɗanyar ta yi yawa, saƙar kanta takan goce ta sake tsari. Bayan lissafin da William McMillan ya buga a 1968, masana da yawa suka ɗauka ba za a wuce digiri 30 zuwa 40 ba. Gwaji ma ya goyi bayansu, don a 1973 an kai digiri 23 da haɗin niyobiyom da jamaniyom, aka tsaya nan shekara 13.

Tangaran na Zurich

A ɗakin binciken kamfanin IBM da ke kusa da birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, Alex Müller da Georg Bednorz suka bar ƙarafa suka koma ga wani irin tangaran, watau gari da ake haɗawa a gasa a tanda kamar tukunya. Abin da ya kai su can shi ne tunanin saƙa. Sun san cewa a waɗansu haɗe-haɗen jan ƙarfe da oksijin, ilektiron yakan lanƙwasa saƙar da ke kewaye da shi ƙwarai, har ya riƙa jan lanƙwasar duk inda ya nufa. Suka yi zaton irin wannan cuɗanya mai ƙarfi za ta ɗaga digirin. A 1986 suka haɗa lantanom da bariyom da jan ƙarfe da oksijin, suka ga turjiya ta fara faɗuwa a sama da digiri 30. Shekara guda bayan haka, a 1987, aka ba su kyautar Nobel.

A farkon 1987 Maw-Kuen Wu na Jami'ar Alabama da Paul Chu na Jami'ar Houston suka sa itiriyom a madadin lantanom, suka kai digiri 93. Muhimmancin wannan shi ne ya wuce digiri 77, inda iskar naitirojin take zama ruwa. Naitirojin shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa, ruwansa yana da araha, hiliyom kuwa daga rijiyoyin gas ake tace shi da tsada. A watan Maris na shekarar, masana suka yi cincirindo a wani otal a birnin New York, suna sauraron rahotanni har tsakar dare ta wuce. A 1993 aka kai digiri 133 a Zurich da wani tangaran mai zaiba a ciki, wanda ya riƙe kambu fiye da shekara talatin a cikin waɗanda ba su bukatar matsi.

Dukan waɗannan tangaran suna da siffa guda: faifai-faifai ne na jan ƙarfe da oksijin, an jera su hawa-hawa, kuma a cikin faifan ne lantarki yake gudana.

Hujjojin masu cewa ba saƙa ba ce

Murna ba ta gama lafawa ba aka fara tambayar ko wane ne mai dalilin auren a nan. Aka sake gwajin nauyi na 1950. Aka cire oksijin mai nauyin 16 daga tangaran mai itiriyom aka sa mai nauyin 18. Da girgizar oksijin ce kaɗai take ɗaura auren bisa tsarin BCS, da digirin ya sauka da kusan 5. Abin da aka gani bai kai ko digiri ɗaya ba.

Hujja ta biyu ita ce asalin tangaran ɗin. Kafin a zuba masa bariyom ko a ƙara masa oksijin, ko kaɗan lantarki ba ya ratsa shi. Kowane atam na jan ƙarfe yana riƙe da ilektiron ɗaya da ya kamata ya yi yawo, amma tunkuɗar da ke tsakaninsu ta yi ƙarfin da ba wanda zai iya shiga ɗakin maƙwabcinsa, kowa ya zauna inda yake. Kowane ilektiron kuma ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, sai suka jeru wannan yana duban sama, na kusa da shi yana duban ƙasa. Sai an kwashe kaɗan daga cikinsu, an bar gurabe, sa'an nan motsi yake samuwa. Saboda haka Philip Anderson na Jami'ar Princeton ya bayyana tun 1987 cewa a cikin wannan hali na maganaɗisu ya kamata a nemi amsa.

Hujja ta uku ta zo a 1993 da 1994, daga gwaje-gwajen Jami'ar Illinois da na Tsuei da Kirtley na IBM. A ƙarafa irin su dalma, ƙarfin ɗaurin auren kusan ɗaya ne ko ina ilektiron ya fuskanta. A tangaran kuwa an tarar yana da ƙarfi ta fuskoki huɗu, ya ɓace sarai a tsakaninsu, kuma alamarsa tana juyawa daga fuska zuwa fuska. Irin wannan siffa ita ce ake sa ran gani idan ma'auratan suna gudun kusantar juna ne saboda tunkuɗa, kuma lissafin maganaɗisu ya riga ya yi hasashenta. Daga nan mafi yawan masana suka karkata ga wannan ra'ayi. Haka mutanen da tunanin saƙa ya kai su ga ganowa suka wayi gari ana cewa sun isa garin da suka nufa ne ta hanyar da ba ita ba.

Saƙa ba ta fita daga shari'a ba

Müller bai sauka daga ra'ayinsa ba har rasuwarsa a 2023, kuma ba haka kawai ya kafe ba. Da aka maimaita gwajin nauyi a tangaran da ba a kwashe masa ilektiron da yawa ba, sai aka ga canjin oksijin yana sauke digirin sosai, wani lokaci ma fiye da abin da BCS ya tanada. Watau ƙarancin da aka gani a 1987 ya shafi haɗin da ya fi kowane jure zafi ne kawai.

Har ila yau, a tangaran na farko mai lantanom da bariyom, an lura tun 1988 cewa idan gurabe suka kai ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin jan ƙarfe, digirin yakan faɗi daga wajen 30 zuwa kusan babu. A daidai wannan haɗi saƙar takan ɗan karkace ta wata fuska. A 1995 John Tranquada da abokan aikinsa na ɗakin binciken Brookhaven suka nuna, a wani tangaran ɗan'uwan wannan, cewa guraben sukan jeru kunya-kunya kamar gona, karkacewar saƙa kuma ita ce take kafe kunyoyin wuri ɗaya. Wannan ya nuna saƙa tana iya hana auren ma, ba ɗaurawa kaɗai ba.

A 2001 Alessandra Lanzara da Zhi-Xun Shen na Jami'ar Stanford suka haska tangaran iri uku da haske mai ƙarfi, suka fizgo ilektiron daga ciki suna auna gudunsa. Suka tarar gudun yana canzawa kwatsam a wani mizani da ya yi daidai da girgizar oksijin a cikin faifan. Suka ce wannan sawun fonon ne. Waɗansu masana suka ce sawun girgizar maganaɗisu ne, don mizanin biyun suna kusa da juna. Nan wahalar shari'ar take: a cikin faifan jan ƙarfe da oksijin, idan atam ya motsa ƙarfin maganaɗisun maƙwabta yakan canza, idan ilektiron ya motsa atam yakan bi shi, saboda haka da wuya a taɓa ɗaya a bar ɗaya.

Wani misali ya fito daga jinsin masu baƙin ƙarfe a ciki, wanda Hideo Hosono ya buɗe ƙofarsa a Japan a 2008. Haɗin baƙin ƙarfe da seleniyom yakan rasa turjiya a wajen digiri 8. A 2012 masana a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin suka shimfiɗa faifai ɗaya tak nasa a kan wani dutse mai oksijin, sai aka ga alamun ɗaurin aure har wajen digiri 65. A 2014 masanan Stanford suka ga sawun girgizar oksijin na dutsen a jikin ilektiron na faifan. Da yawa suka fassara wannan da cewa maganaɗisu ne ya ɗaura auren, saƙa kuma ta ƙara masa ƙarfi.

Haidurojin ya farfaɗo da tsohon bayani

Ana cikin wannan, tsohon bayanin BCS ya nuna da sauransa. A 2001 Jun Akimitsu ya gano a birnin Tokyo cewa haɗin magniziyom da boron, garin da aka daɗe ana sayarwa ba wanda ya gwada shi, yana rasa turjiya a digiri 39. Gwajin nauyi ya tabbatar da cewa girgizar boron ce.

Tun 1968 Neil Ashcroft ya yi nuni da cewa haidurojin, da yake ya fi kowane atam rashin nauyi, shi ne zai fi saurin girgiza idan aka matse shi ya zama ƙarfe. Matsi yana ɗaure saƙa kamar yadda makaɗi yake matse kalangu a hammata muryarsa ta tashi. A 2015 Mikhail Eremets da abokan aikinsa a birnin Mainz na Jamus suka matse haɗin haidurojin da farar wuta a tsakanin lu'ulu'u biyu, da matsin da ya ninka na iskar duniya sau miliyan ɗaya da rabi, suka sami digiri 203. Da suka sa haidurojin mai ninkin nauyi, digirin ya sauka kamar yadda ake sa rai. A 2019 aka kai digiri 250 da haɗin lantanom da haidurojin, watau digiri 23 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Abin lura shi ne, masu lissafi sun yi hasashen waɗannan haɗe-haɗe kafin a yi su. Saboda haka iyakar digiri 40 da aka ɗauka ba doka ba ce. Sai dai abin da ake matsawa ɗan ƙwarya-ƙwaryar ƙura ne, kuma da an saki matsin sai ya wargaje, ba a iya yin waya da shi.

Amfanin sanin amsa

Marasa turjiya sun riga sun shiga aiki. Na'urar MRI da ake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a manyan asibitoci tana da maganaɗisu na wayar niyobiyom da titaniyom a cikin ruwan hiliyom. A 2014 an shimfiɗa wayar tangaran mai tsawon kilomita ɗaya a ƙarƙashin birnin Essen na Jamus, ana sanyaya ta da ruwan naitirojin. Amma muddin sai an sanyaya, tsadar sanyi takan cinye yawancin ribar.

Kwaɗayin samun wanda zai yi aiki a zafin ɗaki ya sha jawo gaggawa. Mujallar Nature ta janye rahotanni biyu masu irin wannan iƙirari a 2022 da 2023. A watan Yuli na 2023 kuma waɗansu masana a Koriya ta Kudu suka ce sun samu, suka sa masa suna LK-99, amma cikin makonni kaɗan ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suka gwada suka tarar ba haka ba ne.

Wannan ne ya sa gardamar mai dalilin aure take da nauyi. Inda aka san fonon ne, kamar a haidurojin, ana iya zama da kwamfuta a lissafa haɗin da zai yi kafin a kunna tanda. Inda ba a sani ba, kamar a tangaran, lalube ake yi a duhu, kuma kusan duk wanda aka samu sa'a da naci ne suka kawo shi. Idan maganaɗisu ne kaɗai, sai a nemi kayan da maganaɗisunsu ya fi ƙarfi. Idan kuwa saƙa tana tallafa masa, to akwai dabarar ɗora faifai a kan dutsen da girgizarsa ta dace. Mafi yawan masana a yau suna ba maganaɗisu babban rabo a tangaran, amma kaɗan ne suke cewa saƙa 'yar kallo ce. Abin da ya rage a auna shi ne girman rabonta, da wuraren da take taimako, da wuraren da take hanawa.